Richard Whittington, attajirin da ya ba sarakuna uku bashi

A Zongon Kumasi ba a rasa dattijon da zai gargaɗe ka cewa dukiyar ɗan kasuwa takan shiga haɗari daga ranar da ya fara ba mai mulki bashi, domin wanda ya ci bashin ya fi ƙarfin a kai shi ƙara. Wannan ne ya sa tarihin Richard Whittington, attajirin birnin Landan, ya ja hankalina, saboda ya ba sarakunan Ingila uku rance a jere, na biyunsu kuwa shi ne ya tumɓuke na farko, amma ya mutu da dukiyarsa da mutuncinsa.

Turawan Ingila suna da tatsuniyar da ke cewa maraya ne matalauci wanda kyanwarsa ta jawo masa arziki, sai dai tarihi bai goyi bayanta ba. An haife shi wajen shekarar 1354 a Pauntley da ke yankin Gloucestershire, a gidan masu filaye, amma da yake ba shi ne babban ɗa ba, gadon gidan bai hau kansa ba, sai aka tura shi Landan ya koyi cinikin yadi. Hajarsa ta masu hali ce, wato alharini da karan-miski da yadi mai zaren zinariya, kuma ta wannan hanya ya zama mai kai kaya fadar Sarki Richard na Biyu.

A shekarar 1392 sarkin ya yi fushi da mutanen Landan ya ƙwace 'yancin da birnin yake da shi na tafiyar da harkokinsa. Da magajin gari Adam Bamme ya rasu a kan kujera a 1397, sarki ya naɗa Whittington a gurbinsa, shi kuwa ya daidaita tsakani har birnin ya biya fam 10,000 aka tabbatar masa da 'yancinsa. A watan Oktoba na shekarar mutanen gari suka zaɓe shi da kansu, suka sake zaɓensa a 1406 da 1419. Aikin ya yi kama da na mai gida a cinikin goro na da, wanda fatake daga Kano suke sauka wurinsa, su yarda da shi, masu gari ma su yarda da shi.

Inda na fi ganin basirarsa shi ne 1399, lokacin da Henry na Huɗu ya hamɓarar da Sarki Richard. Ana iya zaton makusancin tsohon sarki zai faɗi tare da shi, amma sabon sarkin ya shigar da shi majalisarsa, kuma daga wurinsa aka sayi kayan auren 'ya'yan sarki mata biyu, Blanche da Philippa. A ganina dalilin a fili yake: baitulmali yana bukatar kuɗi a hannu, Whittington kuwa yana da su. Bai kuma dogara da alkawarin baki ba. An ba shi aikin karɓar kuɗin kwastam na ulu a tashar Landan, kuma ulu shi ne babbar hajar da Ingila take fitarwa a zamanin, saboda haka yawancin rancen da yake bayarwa daga wannan haraji ake biyansa. Henry na Biyar ma ya ci bashinsa, ya kuma ɗora shi a kan lura da kuɗin ginin majami'ar Westminster.

Ya rasu a watan Maris na 1423, bayan matarsa Alice ta riga shi, kuma ba su bar ɗa ba. Tun yana raye ya gina makewayi na jama'a a bakin kogin Thames, ya kuma samar da ɗaki a asibitin St Thomas domin matan da suka haihu ba aure. Da dukiyar da ya bari, kimanin fam 7,000, aka sake gina kurkukun Newgate, aka kafa ɗakin karatu a Guildhall, wato zauren hukumar birnin Landan, da gidan kula da gajiyayyu, wanda ƙungiyar 'yan yadi ta Mercers take riƙe da amanarsa har yau.