Ba tikitin sinima ne ya cinye ni ba

Ranar da zan tafi jami'a, yayana ya ja ni gefe ya ce, "Ka kiyayi gidan sinima, nan kuɗin ɗalibai ke zurarewa." Da na isa kuma abokan ɗaki suka ce ai wanda bai huta ba, karatu ba ya zama a kansa. Kowa da ra'ayinsa, amma duk a kan kuɗin tikiti suke gardama. Ni ma can na kafa idona, ƙannena, alhali ramin da zan faɗa yana wani gefen.

Ina son kallo, ba zan ɓoye muku ba. A kashe fitila, allo ya cika maka ido, mutum ɗari su fashe da dariya tare da kai, wannan daɗin waya ba ta bayar da shi. Tun 1895 da 'yan'uwan nan biyu, su Lumière, suka fara karɓar kuɗi a Paris suna nuna hoto mai motsi, mutane ke biya saboda shi, kuma Netflix da kullen korona na 2020 sun girgiza harkar amma ba su binne ta ba. Don haka ba zan ce ku daina zuwa ba.

Saboda kashedin Yaya, na sayi ɗan littafi ina rubuta duk abin da na kashe. Nan da nan na gane gugguru da lemo ne ke huda aljihu. Ba mamaki, kaso mai tsoka na kuɗin tikiti masu fim ɗin ke kwashewa, shi kuma gidan sai ya nemi ribarsa a kantin ciye-ciye. Na koma ina cin abinci in ƙoshi kafin in fita, ina jiran ranar rangwame. Har yaba wa kaina nake yi, wai ni gwanin tattali. Daga baya da na haɗa lissafin, kallon shekara huɗu gaba ɗaya bai kai kuɗin zango guda ba.

A shekara ta uku wani sabon fim ya fito ana gobe jarrabawa. Na ce awa biyu ne kawai. Ƙarya nake yi wa kaina. Akwai hanya, akwai layi, akwai hirar da ake zama a yi bayan an tashi, wadda ta fi fim ɗin tsawo. Na shiga ɗakin jarrabawa idona kamar garwashi, na faɗi da maki kaɗan. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne, wannan kwas ɗin ƙofa ce: sai ka ci shi za a bar ka ka ɗauki na gaba, kuma sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Haka shekara huɗu ta koma biyar.

To ku lissafa tare da ni. Kuɗin makaranta na ƙarin shekara, haya, abinci, kuɗin mota, sannan albashin wata goma sha biyu da abokaina suka fara karɓa ni ina zaune a aji da ƙannen bayana. Littafina mai ƙirga gugguru ba shi da shafin da zai ɗauki wannan.

Sai kuma rance. Don in biya shekarar nan na ci bashi, na sa hannu a takarda mai shafi da yawa ban karanta ba, saboda kunyar a ga ina ɓata wa ma'aikacin lokaci. Ashe kuɗin ruwa tun ranar da aka ba ni kuɗin ya fara hawa, ba ranar da na gama ba. Abin da ya fi ba ni takaici, akwai tallafin karatu da na cancanta, an rufe karɓar takardu ban ma san an buɗe ba. Lokacin fara kowane fim kuwa a kaina yake.

Tsadar jami'a ba laifinku ba ne, kada wani babba ya ɗora muku. A Ingila an ɗaga iyakar kuɗin karatu zuwa fam 9,000 a shekara a 2012. A Amurka bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.7. Ko Jamus da jihohinta suka gama soke kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati a 2014, ɗalibi bai tsira daga haya da cefane ba. Wannan ba ku da iko a kai. Yawan shekarun da za ku biya kuwa, akwai hannunku a ciki.

Makon farko, ku je wurin mai ba ɗalibai shawara a sashenku, ku tambaye shi kwasa-kwasan da ke tare hanya idan an faɗi. Ku rubuta ranakun jarrabawarsu da ranar rufe neman tallafi a inda za ku riƙa gani. Takardar rance kuma ku tafi da ita gida ta kwana, ku ba wanda ya san lissafi ya duba. Duk wanda ya ce lallai yau za a sa hannu, ku yi masa sallama.

Yaya har yau cewa yake sinima ce ta ja mini. Na daina musu da shi. Fim ɗin ma, bayan wata shida na sake cin karo da shi a talabijin, kyauta, ban iya kai shi ƙarshe ba.