"Ya yi rigima," muka yi ta rubutawa

Layi uku ne a takardar miƙa aiki ta farko da na karanta a kan wani matashi da aka kwantar a sashenmu: bai ci abincin dare ba, ya yi rigima, an ba shi magani ya kwanta. Da na karɓi aikin dare, ni ma da hannuna na rubuta kusan haka. Mako shida muka yi muna maimaita layukan nan kafin a gano abin da ke cin sa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara bakwai na yi a ɗakin maza na wani asibiti a arewa, sannan a 2021 na bi ayarin da ya tafi Ingila aikin lafiya. Aka tura ni wani ƙaramin sashe mai ƙofa a kulle, inda ake kwantar da masu galahanga (autism) da masu tawayar fahimta idan abin ya fi ƙarfin gida. A ƙa'ida wurin ɗan zama ne: a duba mutum, a yi masa magani, a sallame shi. Amma a Ingila wajen mutum 2,000 ne ke kwance a irin waɗannan wurare, kuma idan aka yi raba-daidai, zaman kowannensu ya doshi shekara 5. Galibinsu dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ce ke riƙe da su, ba da son ransu suke ciki ba.

Makon farko horo aka ba mu. An ba mu labarin Winterbourne View, asibitin kuɗi kusa da birnin Biristol, inda BBC ta shiga da ɓoyayyiyar kyamara a 2011 ta ɗauko ma'aikata suna marin marasa lafiya, suna danne su da kujera, suna sheƙa musu ruwan sanyi. Ma'aikata 11 suka amsa laifi, aka ɗaure 6. Gwamnati ta yi alkawarin mayar da duk wanda bai kamata ya zauna a asibiti ba kusa da danginsa kafin tsakiyar 2014, alkawarin bai cika ba, kuma a 2019 aka sake bankaɗo makamancinsa a Whorlton Hall. Na fito daga ajin raina a ɓace, amma hankalina kwance, don na san ba zan taɓa ɗaga wa marar lafiya hannu ba. Ban san ana iya cutar da mutum da alƙalami ba.

Matashin da nake magana a kai shekararsa ashirin da 'yan kai. Ba ya magana, sai kalma biyu ko uku. Da yamma, bayan an kawo abinci, sai ya fara safa da marwa, yana gurnani, yana naushin cinyarsa, wani lokaci ya haɗa kansa da bango. Idan abin ya yi tsanani a danna ƙararrawa, mutum huɗu ko biyar su shigo a riƙe shi, a ba shi ƙwayar da likita ya rubuta don irin wannan lokaci. Ƙarar ƙararrawar kanta azaba ce a gare shi, yana toshe kunne da zarar ta tashi, amma haka tsarin yake. Kowa ya ce halinsa ne, galahanga ce. Ni ma na ɗauka.

Mahaifiyarsa tafiyar awa uku take yi a jirgin ƙasa duk Asabar. Wannan ya daɗe yana damuna. A ƙasarmu, ba a kwantar da mutum ba tare da mai jinya ba. Uwa ko ƙanwa ko goggo za ta shimfiɗa tabarma gefen gado, ita za ta ba shi kunu, ita za ta kai shi bayi, ita za ta fara ganin ya canza. Mukan yi ƙorafin cunkoson da hakan ke jawowa, kuma gaskiya ne ƙarancin ma'aikata ne ya sa muka dogara da su. Sai da na zo inda akwai ma'aikata da kayan aiki amma babu tabarmar nan, na gane irin idon da muke samu kyauta.

Wata Asabar ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Nas, yaushe rabonsa da bayan gida?" Na buɗe fayil. Akwai shafin da aka ware don haka, da jadawalin nan mai nau'in bayan gida bakwai da kowace nas ta sani. Rabin shafin babu komai. Yana shiga bayi shi kaɗai, ba ya yarda a bi shi, sai aka riƙa tsallake layin. Inda aka cike kuma an rubuta gudawa. Ta ce, "Tun yana ɗan shekara biyar, in ya naushi cinyarsa, cikinsa ne. Na faɗa ranar da aka kawo shi."

Ta faɗa kuwa. Yana nan rubuce a fasfonsa na asibiti, ƙaramar takardar da iyali ke cikewa: abin da dole a sani, abin da ke da muhimmanci ga mutum, abin da yake so da wanda ba ya so. Takardar na can ƙasan fayil. Ban taɓa karanta ta ba, kuma ba ni da uzuri, don a gida in dattijo ya zo yana ruɗewa, cikinsa da fitsarinsa nake fara tambaya. A nan sunan da ke goshin fayil ne ya rufe min ido. Da an ga galahanga, duk abin da mutum ya yi sai a jingina mata.

Sai da na yi kwana biyu ina lallashi kafin ya bari na taɓa cikin, shi ma bayan na kashe babbar fitila, na sa kowa ya fita, na fara ɗora hannunsa a kan nawa. Cikin ya yi tauri kamar ganga. Hoton da aka ɗauka ya nuna hanji cike. Gudawar da muke rubutawa ruwa ne ke tsiyayowa ta gefen abin da ya toshe. Magungunan kwantar da hankali da yake sha suna daga cikin masu busar da ciki, ke nan yana kukan ciwo, mu kuma muna ƙara masa abin da ke kawo ciwon.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2012 wani mutum mai suna Richard Handley, mai lalurar Down, ya rasu yana da shekara 33 saboda taurin bayan gida, bayan an cire kilo 10 daga cikinsa. A 2016 Oliver McGowan, ɗan shekara 18, ya rasu bayan an ba shi olanzapine, maganin taɓin hankali, alhali shi da iyayensa sun ce kada a ba shi, ya taɓa cutar da shi. Mahaifiyarsa ta yi ta fafutuka har dokar 2022 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya horo kan galahanga da tawayar fahimta, kuma sunan ɗanta horon yake ɗauke da shi. A labarinsu duka biyu akwai uwa da ta san jikin ɗanta fiye da kowa.

Bayan an wanke masa ciki, aka ɗora shi kan maganin sassautawa, aka gyara abincinsa, likita ya fara rage ƙwayoyin a hankali. Ba zan ce ya zama wani mutum daban ba. Yana nan da galahangarsa, hayaniya na firgita shi, in aka sauya masa lokacin wanka ba sanarwa ranar ta lalace. Amma naushin cinya ya tafi, ƙararrawa ta yi makonni ba ta tashi a kansa ba, har ya fara zama a teburi yana ci.

Ni kuma aikina ya canza. Ba na shiga ɗakin sabon marar lafiya sai na karanta fasfonsa. Duk wanda halinsa ya juya, haƙori nake fara dubawa, da kunne, da ciki, da fitsari, da barci, kafin a zo maganar ƙwaya. Na daina rubuta "ya yi rigima". Ina rubuta ƙarfe nawa, me ya faru gabanin haka, ina ya dafa a jikinsa, wa ke ɗakin. Ya fi cin lokaci, wasu abokan aiki sun yi gunaguni da farko. Kuma idan uwa ta yi magana, a gabanta nake rubutawa, in karanta mata.

Likitoci sun amince ya isa sallama, amma sai da ya ƙara wata goma sha huɗu a ɗakin nan, domin ba a samu gidan da ya dace ba, da aka samu kuma babu ma'aikatan da za su zauna da shi. Lafiyarsa ƙalau, ƙofa a kulle. Ranar da zai tafi ina bakin aiki. Mahaifiyarsa ta naɗe bargonsa, ta zaro fasfon daga fayil ta ɗora shi saman kayan, ta ce da hannunta za ta miƙa wa waɗanda za su karɓe shi, kuma ba za ta tashi ba sai sun karanta tana zaune.