Ɗan benen da ke kan yaranmu a Aboabo

A shagonmu na takalma da ke Aboabo, a nan Kumasi, akwai ɗan benen ajiya da ba mu da wani suna da muke kiransa da shi sai "sama". In an kawo robar ƙasan takalmi, a kai sama. In kwali ya tare hanya, a kai sama. Shekara shida ke nan da Kawu, mai shagon, ya kira mai walda daga Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da maƙera, ya ɗaga mana shi: ƙarfen kwana, katako a shimfiɗe, tsani a jingine. Mita huɗu ne tsawonsa, faɗinsa uku. A ƙarƙashinsa yara huɗu ke zama suna yanka da ɗinki tun bayan asuba.

Wanda ya san hayar shago a garin nan ba zai ga laifin Kawu ba. Mai gida kuɗin shekara biyu yake so a dunƙule, ɗakin ajiya na daban kuwa sai mai hali. In ƙasa ta ƙare, ido sama yake kallo.

Ƙofar kabad ce ta fara tona mana asiri. Akwai kabad ɗin kayan aiki da muka kafa a ƙarƙashin benen, kansa na taɓa ƙarfen tsakiya. Bayan babbar Sallah ƙofar ta soma cijewa. Na goge bakinta, ta yi sati biyu ta sake cijewa. Ran nan na miƙa igiya daga wannan bango zuwa wancan, sai na ga ƙarfen ya lanƙwasa a tsakiya har yatsuna biyu na shiga tsakaninsa da igiyar. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Akwai ɗan maƙwabcinmu da ya karanta injiniyan gini a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, muna sallah masallaci ɗaya. Na roƙe shi ya leƙo. Ya gaida Kawu, ya durƙusa yadda ya kamata, sannan ya ce, "Baba, kilo nawa ne a sama?" Kawu ya ce, "Ɗana, kaya ne dai." Ni ma da nake riƙe da littafin shago ban da amsa. Na san kuɗin kowane ɗauri har kwabo, nauyinsa kuwa ban taɓa tambaya ba.

Muka aro sikeli. Ɗaurin roba guda ya kai kilo 40, kuma ashirin muka jibga wuri ɗaya, a tsakiya, don nan ne hannu ya fi kaiwa daga kan tsani. Kilo 800 ke nan a kan abin da bai wuce murabba'in mita ɗaya ba. Ya ce a kundin gini na Amurka, wanda namu na Gana, GS 1207 na 2018, ya ɗauki abubuwa da yawa daga cikinsa, daɓen ajiyar kaya marasa nauyi ana lissafa shi ya ɗauki wajen kilo 600 a kowane murabba'in mita, na kaya masu nauyi kuma ninkin haka. Wato ko benen kaya marasa nauyi da aka lissafa da kyau, mun wuce masa iyaka a wurin nan. Namu kuwa ba wanda ya taɓa lissafa shi. Katakon ma na itacen da ake kira wawa ne, mai laushin nan da ake yin allon kankare da shi, kuma ƙarafan ramin bulo kawai aka tura su aka toshe da siminti.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Mai waldan bai cuce mu ba. Abin da aka ce masa shi ya yi: wurin ajiye kwali da soso. Mu ne muka riƙa ƙara kaya, yau ɗauri biyu, gobe biyar, har wurin kwali ya koma sito, ƙarfen kuma yana nan yadda yake ranar farko.

Sauran ƙa'idojin da ya lissafo, kowacce da na duba sai na tuna ranar da muka tsallake rijiya da baya. Tsakanin ƙasa da benen kada ya gaza ƙafa bakwai, haka ma tsakanin benen da rufi. Namu ƙafa shida ne da ɗan ɗoriya, kuma akwai yaron da har yau da tabo a goshinsa. Gefen da yake buɗe a yi masa shinge mai tsawon inci 42, da ɗan allo a ƙasansa don kada guduma ko almakashi ya gangaro kan na ƙasa. Girman benen kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ɗakin, in ya wuce ya zama hawa na biyu, da nasa dokokin. Nan kaɗai muka ci.

Sai maganar gam. Galan-galan muke ajiye shi can sama, dab da kwano, kusa da soso, ga wayar fanka ta bi ta gefe. Duk wanda ya hau wurin da azahar a watan Maris ya san irin zafin. Injiniyan bai yi dogon bayani ba, ya dai tuna mana gobarar kasuwar Kejetia ta Maris 2023. Kawu da kansa ya hau ya fara miƙo galan ɗin.

Ya kuma ce irin wannan ƙari sauya gini ne, yana buƙatar izinin majalisar yanki, mu tamu ita ce ta Asokore Mampong, sannan wurin sana'a na buƙatar takardar 'yan kwana-kwana. Na san abin da mutanenmu ke cewa, zirga-zirga ce da kashe kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma mun bi, don wanda ke zaune a ƙarƙashin ƙarfen nan ɗan wani ne da aka kawo mana amana ya koyi sana'a.

Gyaran ya ci mu ribar wata uku. An ɗaga benen, an sa ginshiƙai huɗu masu gindin kankare, an yi matakala mai abin riƙewa. Roba ta dawo ƙasa, jikin bango. A ƙarfen gaba injiniyan ya sa na rubuta iyakar nauyin da jan fenti, da Hausa da Turanci. Sikelin da muka aro kuwa saye shi muka yi, yana nan gindin matakala, kuma duk ɗaurin da zai hau sai ya bi ta kansa.