Fansho ga mai sana'ar kansa a Kumasi

A unguwanninmu, daga Aboabo zuwa Asawase, da zarar an ambaci fansho sai a ɗauka zancen malaman makaranta ne da 'yan sanda da ma'aikatan ofis. Tela da mahauci da bakaniken Suame Magazine da mai rumfa a Kejetia duk suna ganin abin bai shafe su ba, alhali kuwa doka ta daɗe da buɗe musu ƙofa, sai dai ƙofar tana da wa'adi, kuma wannan wa'adin ne ya sa nake wannan rubutu.

Dokar fansho ta Ghana ta 2008, wadda ta fara aiki a Janairun 2010, ta kasa tsarin gida uku. Mai albashi ana cire masa kashi 5.5 cikin ɗari na gundarin albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 13, jimla 18.5 ke nan. Kashi 13.5, wato mataki na farko, yana tafiya hukumar fansho ta ƙasa, SSNIT, wadda ita kuma take miƙa 2.5 ga inshorar lafiya, sauran kashi 5 kuwa, wato mataki na biyu, kamfanoni masu zaman kansu ne ke juya shi, a damƙa wa ma'aikaci a dunƙule idan ya yi ritaya. Mataki na uku na ganin dama ne. Mai sana'ar kansa ba shi da ubangidan da zai cika masa, don haka shi ne zai faɗi abin da yake samu a wata, ya biya SSNIT kashi 13.5 na wannan adadi don shiga matakin farko, kuma saboda irinsa SSNIT ta ƙaddamar da shirin rajistar masu sana'ar kansu mai suna SEED a nan Kumasi a 2023. Katin ɗan ƙasa ya isa a yi rajista, biya kuma ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ake yi ba tare da an rufe shago ba.

Lambobi biyu nake so 'yan'uwa su riƙe. Ta farko ita ce 180, wato sai mutum ya biya na wata 180, shekara 15 ke nan, kafin ya cancanci fanshon wata-wata idan ya cika shekara 60. A wannan matsayi ana ba shi kashi 37.5 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigarsa a shekaru ukun da suka fi tsoka, kowace shekarar da ya ƙara kuma tana ɗaga kason, har ya tsaya a kashi 60 bayan shekara 35. Ta biyu ita ce 45: wanda ya haura wannan shekara bai taɓa shiga ba, matakin farko ya wuce shi, sai ya nemi na uku a wani kamfanin da ke da lasisin NPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho. Saboda haka ɗan shekara 30 da ke cewa sai kasuwa ta buɗe tukuna, ba kuɗi kawai yake jinkirtawa ba, shekarun lissafinsa yake ragewa.

Na san amsar da za a ba ni, cewa muna da adashi, muna kuma da 'ya'ya. Ban raina adashi ba, domin da shi iyayenmu mata suka yi jari suka aurar da mu, amma kwasarsa ta 'yan watanni ce, kuma duk wanda ya ajiye sidi a akwati a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a Disamba, ya ga yadda kuɗi ke zagwanyewa a hannu. Fanshon SSNIT kuwa ana yi masa ƙari a farkon kowace shekara, ko da yake ba kullum ƙarin ke kamo tsadar kasuwa ba. Game da 'ya'ya, kula da iyaye wajibinsu ne, sai dai dattijon da ke iya sayen maganin hawan jininsa da kansa ya sauƙaƙa wa ɗan da ke fama da kuɗin haya da na makaranta.

Masu albashi ma kada su saki jiki. Akwai masu kamfanonin da ke cire kason ma'aikaci ba su kai shi ba, don haka ya kamata a riƙa karɓar takardar bayanin biya ana dubawa. Haka nan sunayen magadan da aka rubuta ranar rajista, a gidan da aka ƙara aure ko aka yi haihuwa, ya kamata a koma ofishin SSNIT a sabunta su.