Baƙin wuya da gadon gidanmu

Shekara biyu ina dirzar wuyana da soso da sabulun salo, wani baƙi mai laushi kamar karammiski ya ƙi fita. Gwaggo har cewa take yi ƙazanta ce. Ranar da na raka Baba asibiti karɓar maganin suga, likitar ta ƙura wa wuyana ido, ta ce in dawo washegari kafin in karya kumallo. Gwajin sugan jinina ya nuna 112. Sai ya kai 126 ake kiransa ciwon suga, amma dai na tsaya a bakin ƙofa.

Abin da ta fahimtar da ni shi ne insulin ɗina, wato sinadarin da ke buɗe wa suga hanyar shiga tsoka daga jini, bai ƙare ba, yawa ma ya yi. Tsoka da hanta ne suka yi masa kunnen uwar shegu, sugan ya rasa hanyar shiga, yana ta yawo a jini. Rarar insulin ɗin ce ke sa fatar wuya kauri da duhu.

Da Gwaggo ta ji, sai ta ce, "Ai gadon gidanmu ne 'yar nan, kakarki ma da shi ta rasu."

Maganar ta tsaya mini a rai, na shiga karance-karance. Tana da gaskiyarta. A 2014 an gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TBC1D4 a jikin mutanen Inuit na Girinlan. Wanda ya gaje shi ta uwa da uba, tsokarsa ba ta ɗaukar suga sosai bayan cin abinci, haɗarin kamuwarsa da ciwon suga ya ninka wajen sau 10. Mu kuwa, Charles Rotimi, ɗan Najeriya da ke aiki a Amurka, shi da abokan aikinsa sun binciki mutum sama da 5,000 a Najeriya da Gana da Kenya, a 2019 suka gano wata ƙwayar gado mai suna ZRANB3 da ke da alaƙa da ciwon. Sai dai irin na Girinlan ba kasafai ake samunsa ba. Yawanci ɗaruruwan ƙananan sauye-sauye ne, kowanne da ɗan abin da yake ƙarawa.

Binciken da ya fi yi mini amfani na 2002 ne a Amurka, a kan masu irin lambata. Rage ƙiba da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, maganin suga na metformin kuma kashi 31.

Yanzu bayan la'asar ina zagaya filin makarantar unguwarmu, tuwon dare na koma malmala ɗaya. Shayi mai madara ne har yau muke kokawa da shi. Gwaggo ta bi ni sau biyu, ta ce gwiwa.