Yadda domen ɗaya ya haɗa min BVN da lambar waya

Farkon shigata aikin tsara rumbun bayanai, ni a ɗaukata domen ba komai ba ne illa dabarar rage wahalar taifin. Wato maimakon duk gurbin da ka buɗe a teburin bayanai ka zauna kana cewa wannan rubutu ne, tsawonsa kaza, ba a barinsa fanko, sai ka yi domen guda, wato wani ma'aji na sifofi mai suna, ka zuba masa waɗannan sifofin, duk gurbin da ka liƙa masa shi sai ya gaje su kawai. Iya abun da na fahimta kenan, ashe rabi na ɗauka na bar rabi.

Aikin wani ƙaramin bankin ba da rance muke yi, da wata manhajar zana rumbun bayanai mai suna erwin muke zanen, kuma muna matakin farko ne inda ba a fara maganar manhajar rumbun da za a ɗora shi a kai ba, Oracle ce ko SQL Server, tambayar kawai me muke ajiyewa, me ya haɗa wannan da wancan. Na leƙa teburin kwastoma sai na ga lambar waya 11 ce, BVN 11, NIN ma 11. Na ce kai, banza ta faɗi. Na yi domen ɗaya na raɗa masa suna Lamba11, na ce a riƙe shi a matsayin rubutu ba adadi ba, nan kam na yi daidai don da adadi na sa da sifilin farkon 080 ya tafi, duk wanda ya taɓa buɗe jerin lambobin waya a Excel ya san wannan ciwon kan. Na ƙara doka, dole 11 cif, ba harafi ko ɗaya. Na bi gurabe ina liƙawa ina jin kaina gwani.

Ba a jima ba aka ce akwai 'yan kasuwa masu shigowa daga Maraɗi, su lambar Nijar 8 ce da +227 a gaba, su kuma masu tura saƙon tes suna son namu da +234. Oga ya ce a buɗe gurbin waya. Abu mai sauƙi ai, na shiga Lamba11 na mai da tsawonsa 16, tunda a tsarin duniya lambar waya ba ta wuce 15 sai alamar tarawa ta gaba, na cire dokar 11 ɗin, na adana na tafi sallar la'asar. Bayan kwana biyu wadda take mana gwaji ta tsaya a kaina, ta ce Malam, BVN ɗinka fa komai aka ba shi haɗiyewa yake, na sa lamba 9 ya wuce. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Shi domen bai yi laifi ba, abun da na ce ya yi shi ya yi, ya raba wa 'ya'yansa gado daidai wa daida.

Oga bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya min, wai BVN da lambar waya 'yan uwa ne ko kama kawai suka yi? Kama da wane ba ta wane. BVN na harkar bankuna ne, Babban Banki ya kawo shi a 2014, NIN na hukumar NIMC ne, lambar waya kuma tana hannun NCC da kamfanonin layi. Masu su daban, don haka ranar da ɗaya zai canja babu ruwan sauran. Daga baya na gane tun asali ma haka abun yake, Edgar Codd na IBM da ya kawo tsarin tebura a 1970, domen a wajensa tarin ƙimomin da gurbi zai iya ɗauka ne, kuma in gurabe biyu sun fito daga domen ɗaya to akwai hankali a kwatanta su. Ni kuwa da hannuna na rubuta cewa ana iya kwatanta BVN ɗin mutum da lambar wayarsa.

Gyaran ya ci mana yini. Na yi uwa ɗaya mai cewa rubutu ne na lambobi zalla, sai 'ya'ya a ƙarƙashinta, BVN da tsawonsa, NIN da nasa, lambar asusu ta NUBAN mai 10, waya kuma na fitar da ita gefe gaba ɗaya. Tun ranar na daina sa wa domen suna da tsawonsa ko nau'insa.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi don shi shiru yake yi. In ka shiga gurbi ka canja wata sifa da hannu, to wannan sifar ta daina bin domen, ko ka gyara uwar ita tana nan yadda ka bar ta sai ka mayar da ita kan gado da kanka. Mun ƙara tsawon domen ɗin suna, ko'ina ya canja banda teburin masu tsaya wa mai rance, ashe ni ne wata rana cikin sauri na taɓa shi na manta. A nan ne ma maganar haruffanmu masu lanƙwasa ta taso, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci a tsarin adana rubutu na UTF-8, bayit kuwa shi ne ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta, kuma Oracle in ba ka ce masa haruffa zai ƙirga ba bayit yake ƙirgawa, a SQL Server kuwa in ba NVARCHAR ka sa ba, wato nau'in rubutun da ke ɗaukar irin waɗannan haruffan, kana iya ganin Ɗanbatta ta koma ?anbatta. A zanen farko duk "rubutu" ne, a ɓangaren domen na zahiri, wato inda ake faɗin yadda rumbun zai ajiye shi, ake yanke wannan hukuncin, sau ɗaya, in dai ba wanda ya ɓalle.

Kar kuma ka ɗauka domen ɗin zai bi ka har cikin rumbun. A cikin manhajojin rumbu, PostgreSQL yana da umarnin yin domen, CREATE DOMAIN, MySQL ba shi da shi, Oracle ma sai a sigarsa ta 23 ya kawo, don haka galibi manhajar zanen warware shi take yi gurbi gurbi, in wani ya je ya canja can kai tsaye to zanenka ya fara ƙarya ba ka sani ba.

Yanzu rigimar da ke gabanmu ta domen ɗin Kuɗi ce, na ba shi gurbi biyu bayan ɗigo saboda kwabo, su kuma mutanen Maraɗi da sefa suke lissafi ba su da wannan ɓarin. Oga yana cewa a raba su biyu, ni na ce a bar shi ɗaya a ƙara gurbin nau'in kuɗi a gefe, ya ce in kawo masa zanen duka biyun ranar Litinin.