Duba babban hanji da sikana: tun daga gida aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci

Wanda aka ce za a duba masa babban hanji ba tare da an zura masa doguwar tiyo mai kamara ba, yakan ɗauka ya huta gaba ɗaya. Hutun rabi ne. Gaskiya ba a sa shi barci, kwanciyar bisa gadon sikana ba ta cika wuce minti 15 ba, kuma da ƙafarsa zai koma gida. Amma wanke ciki yana nan daram, kuma nan ne aka fi yin asarar kuɗi da tafiya.

Tun 1994 aka fara wannan dabara a Amurka. Na'ura tana ɗaukar ciki yanki-yanki, kwamfuta ta harhaɗa, likita ya riƙa bin hanjin a allo kamar mai tafiya cikin zaure. Abin nema shi ne tsiro, wato ɗan naman da ke fitowa a bangon hanji, wanda in an bar shi shekaru yana iya rikiɗewa ya zama ciwon kansa. Matsalar ita ce guntun kashi da ya manne a bango kamarsu ɗaya da tsiro.

Saboda haka takardar da ta ce "a guji abinci mai ɓawo" ba ta isa ba a Damagaram. Sai an ambaci suna: ban da wake, ban da ɗanwake, zogale, rama, gyaɗa da dabino, ban da fura da tuwon gero saboda dusa. Kwana biyu a tsaya ga farar shinkafa, burodi, ƙwai da kifi. Ranar jajibiri kuwa ruwa-ruwa kawai, romo tatacce da shayi marar madara, sannan maganin wanke ciki. Tare da shi ake shan wani ruwa mai bariyom ko ayodin, wanda ke rina sauran kashin ya fito fari fat a hoto. Mutane da yawa suna tsallake shi don ɗanɗanonsa, alhali shi ne ke raba gardama.

Lokacin bazara, zafi ya haura digiri 40, zawon maganin yana iya kayar da dattijo. A tanadi ruwan sha tun da wuri, garin nan ba a yi masa alkawarin famfo. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon suga da mai shan maganin hawan jini su faɗa wa likita kafin su kurɓi komai. Wanda zai taso daga Magarya ko Tanut ya kwana cikin gari. Ba a shan wannan magani a shiga mota.

A ɗakin hoto ana saka siririn bututu mai ɗan balan-balan a bakin dubura, a hura iskar CO2 (irin wadda mutum ke fitarwa in ya numfasa) sannu-sannu, lita biyu zuwa huɗu. Ta fi iskar ɗaki domin jiki yana tsotse ta da sauri, kumburin ya sace. Wani lokaci a yi allurar Buscopan miligiram 20 don hanji ya saki, sai dai a fara tambaya ko akwai hawan jinin ido ko ciwon zuciya. Kafin a ɗauki hoton gaske a leƙa hoton gwaji. In murɗaɗɗen ɓangaren hanji na gefen hagu bai buɗe ba, a ƙara iska, domin hanjin da ya tsuke yana ɓoye tsiro, ko ya yi kama da ciwon kansa ya tayar da hankalin gida a banza.

"Baba, riƙe numfashi." Daƙiƙa goma, yana rigingine. "To, juya rub da ciki." A sake. Wanda ƙiba ko ciwon baya ya hana shi, ya kwanta ta gefe. Hikimar juyin ita ce kashi da ruwa suna gangarawa ƙasa, tsiro kuwa yana nan inda yake, sai mai dogon wuya da kan yi lilo ya ruɗi mai karanta hoton. A sace balan-balan ɗin bututun a juyi na biyu, don yakan danne abin da ke dab da dubura.

Tsiron da ya kai milimita 10, sikana tana kama kusan 9 cikin 10. Ƙanana da shimfiɗaɗɗu sukan sulluɓe. Ita gani kawai take yi, ba ta cirewa, ba ta gutsuro nama a kai awo. In an ga babba, dole a koma ga tiyo mai kamara, sau da yawa da sabon wanke ciki. In ba a ga komai a hanjin ba, a dawo bayan shekara 5. Kuma tana hango hanta, ƙoda da babbar jijiyar jini, ta tono abin da ba shi aka je nema ba.

Ba a yi wa mai juna biyu, ba a yi wa wanda hanjinsa ke kumbure da ciwo ko aka yi masa aiki kwanan nan, don iska na iya huda shi. Mai shekara 50 da ya yi wata uku yana ganin jini a bayan gida, yana ramewa, yana shan jiƙon basir, shi ya wuce matakin bincike don rigakafi. Likita ya fara taɓa duburar da yatsa, sannan a tura shi inda za a iya gutsuro nama.